Abin da Katangar Berlin ta koya min a wasan ces

Duk cikin wasannin da nake bi da yaran da nake koya wa ces, babu wanda ya canza min tunani kamar wasan farko na karawar Kasparov da Kramnik a Landan, shekarar 2000, ta neman kambun duniya. Kasparov fa tun 1985 yake riƙe da kambun, kuma kowa ya san in dai sarauniyarsa tana kan allo ya samu fili to sai dai Allah ya kiyaye, hari ne ta ko'ina.

Kramnik ne ke buga baƙaƙen kaya, Kasparov farare, sai Kramnik ya ɗauko wani tsohon buɗi, wato tsarin takun farko na wasa, da manya suka daɗe da ajiyewa, Berlin, wanda ake wa laƙabi da Katangar Berlin. Bayan sojoji sun tafi e4 da e5 (harafi da lamba sunan gida ne a allo), dokuna suka fito, bishof ya tafi b5, sai Kramnik ya kai doki f6 ya cinye sojan e4, ana cikin haka a taku na takwas aka yi musayar sarauniyoyi a d8, sarkin baƙi da kansa ya ci. Kallon farko za ka ce baƙi ya shiga uku, sarki ya rasa damar ɓuya a kusurwa, sojoji biyu sun hau layi ɗaya a c, amma yana da bishof biyu kuma babu wata ƙofa da fari zai fasa. Canjaras aka tashi. Haka Kasparov ya yi ta dukan katangar nan har aka gama bai ci ko wasa ɗaya ba, Kramnik ya ci biyu, ya karɓe kambun da maki 8½ da 6½.

Abin da ya fi kama ni shi ne Kramnik ya taɓa yi wa Kasparov aikin mataimaki a 1995 lokacin da Kasparov ya kare kambunsa a karawa da Anand, gwanin Indiya, wato ya san mutumin ciki da bai, shi ya sa bai nemi buɗin da ya fi kyau a littafi ba, ya nemi wanda zai hana Kasparov sakat. Tun daga nan na daina sa yara haddar taku ashirin kamar karatun allo, yanzu in yaro ya ce min malam wane buɗi zan yi, sai in tambaye shi da wa za ka buga, me yake so, kai kuma wane irin matsayi za ka iya zama a kai awa uku ba ka gaji ba. Wasu har haushi suke ji wallahi, su dai a ba su tarko mai saurin ci.

Har yau manya da yawa in sun ga doki a f6 sai su buga d3 a taku na huɗu, don kawai kar a kai su ga wancan matsayi na musayar sarauniyoyi.