Abin da kafaɗa ta koya mini a filin harbi

Shekara uku ke nan ina aiki a wani filin koyon harbi mai lasisi a bayan garin Riyad. Aikina goge bindigogi, duba lafiyarsu, da tsayawa bayan sababbin shiga. Kafin nan kafinta ne ni a Jidda, sana'ar da na gada wurin mahaifina, wanda kakansa ya taso daga Kano a ƙasa don sauke farali bai koma ba. Maigidana ma Bahaushe ne, tashin Shara Mansur a Makka, ya ba sittin baya. Baba nake ce masa.

Kukan da muka fi ji guda ɗaya ne: bindiga tana shuri. Mutum zai yi harbi goma ya ajiye yana murza kafaɗa, ya ce a sa masa abin da zai kashe shurin. Ni ma da farko na ɗauka akwai irin wannan abin a kasuwa, kuɗi kawai za a fitar.

Baba ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, shuri ba ya mutuwa. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindiga baya, babu ragi." Kan harsashin .223 (lambar awon kaurin harsashi ce) da muka fi amfani da shi giram 3.6 ne, na .308 kuwa ya kusa giram 10, ga albarushinsa ya fi yawa, shi ya sa dukansu ba ɗaya ba ne. Manyan dabaru biyu ne a hannun mai gyara. Ko dai ya ƙara wa bindiga nauyi, domin idan nauyinta ya ninka, ƙarfin dukan yana raguwa da rabi, ko kuma ya ja lokacin da dukan yake ɗauka kafin ya gama shiga jiki. Duk wanda ya taɓa dako ya san bambancin buhun shinkafa da aka jefo masa da wanda aka aza masa a hankali, alhali buhun ɗaya ne.

Wannan jan lokacin shi ne aikin bafa. A bindigogi samfurin AR-15, waɗanda asalin tsarinsu na Eugene Stoner ne a Amurka cikin shekarun 1950, akwai bututu da ya shige cikin gindin bindiga, ɗauke da sifirin da wani curin ƙarfe. Curin nan shi ne bafa. Idan an harba, hayaƙin albarushi yana turo ƙarfen da ke cire kwanso (ɓawon harsashin da aka harba) baya, bafa da sifirin su tare shi su mayar da shi gaba. Bafa ta gama-gari wajen giram 85 ce, mai alamar H kusan 108, H2 kusan 130, H3 ta ɗan haura 150. Girmansu ɗaya, sai dai a cikin masu nauyin ana musanya baƙin ƙarfe da tangistin, wani ƙarfe da ya fi shi nauyi.

A nan na tafka kuskuren da har yau nake tunawa. Na ce tunda nauyi yana tausasa duka, bari in sa H3 a wata bindigar koyarwa da muke ba harsashi marar ƙarfi. Ta yi laushi kam, amma ta riƙa kasa ɗauko harsashi na gaba, kuma bayan na ƙarshe ba ta tsayawa a buɗe kamar yadda ya kamata. Bindigar da ke sarƙewa a hannun ɗan koyo haɗari ce, don a lokacin ne yake juyowa da ita yana tambaya. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya tsayar da ni a gefe ya ce in daina kallon allon saiti, in kalli inda kwanso yake faɗuwa. Idan maharbi yana fuskantar ƙarfe 12 na agogo, kwanson da ke sauka tsakanin 3 da 4 alamar daidaito ne. Idan yana tsalle gaba wajen 1 ko 2, motsin ya yi sauri. Nawa kuwa can baya yake zubewa ba kuzari. Muka mayar da H, magana ta ƙare.

Sai dai yawancin masu zuwa mana da bindigar farauta ce wadda ake ja da hannu, ita kuwa ba ta da bafa ko kaɗan. Gindinta ne kawai tsakaninta da mutum, kuma a nan kafintancina ya yi mini rana. Masana'antu suna yin tazarar kunama zuwa ƙarshen gindi wajen santimita 34, kamar kowa tsawonsa ɗaya. Ko mutum ɗaya ma awonsa yana canzawa: wanda ya gwada da jallabiya a lokacin zafi, idan sanyin Riyad ya shigo ya yafa farwa, wato rigar sanyi mai kauri, gindin ya yi masa tsawo.

Bara wani saurayi ɗan Madina, ɗan uwanmu Bahaushe, siriri, ya zo da bindigar .308 da ya saya a baje kolin shaho da farauta na Malham, kusa da Riyad. Kafaɗarsa ta yi baƙi, kuncinsa ya kumbura. So yake a ɗaura masa abin rage shuri a bakin bindiga. Abin yana aiki, don yana karkatar da hayaƙin albarushi gefe, amma ƙarar harbi tana ƙaruwa sosai, kuma na gefe ne ke shan wahala. Na roƙe shi ya bari in auna shi tukuna. Gindin ya yi masa tsawo, don haka a kan ƙashi yake zama maimakon cikin lungun kafaɗa, sannan madubin saiti ya yi sama har sai ya ɗaga kunci, katakon ya samu filin marinsa. Na rage santimita 2, na sa roba mai kauri, na ɗaga wurin kwantar da kunci.

Duk da haka harbinsa yana sauka ƙasa. Baba ya ce, "Yaro, juya baya," ya cusa harsashin gwaji marar albarushi cikin na gaske. Da yaron ya ja kunama a kan wannan, ba abin da ya tashi, amma muka ga ya runtse ido ya duƙar da bakin bindiga. Jikinsa ya riga ya koyi tsoro, kuma rabin tsoron na ƙara ne. Muka sa masa toshiyar kunne ta ciki da ta waje, muka mayar da shi kan ƙaramar .22 har mako uku. Ranar da ya koma kan bindigarsa ya yi harbi ashirin, ya tashi yana tambayata ko akwai sauran harsashi.