Wasiƙa daga Kumasi: ku bar wa itace wuri a tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyaye da yayye da ƙanne, na Kano da Katsina da Zazzau har su Maraɗi da Damagaram, duk wanda wannan saƙo ya iske. Ina gaisheku daga Kumasi, nan unguwar Aboabo. Ya gida ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar cefane.

To maganar cefanen ce ma tasa na zauna nake rubutun nan. Duk wanda na kira a gida kukan ɗaya ne, kayan miya sun yi wuta, amma in kace a juya maka kyamara kaga tsakar gida sai kaga siminti ko intalok tun daga zaure har bakin banɗaki, babu ko tsiron ciyawa. Wallahi abin nan yana damuna. Gidajen da muka taso ba haka suke ba, akwai zogale a bayan ɗaki, kabewa ta hau danga, lalo da rama sun fito da kansu a gefen rijiya, inna bata aiken yaro kasuwa saboda ganyen miya. Yanzu mun shafe ƙasa da siminti muna cewa tsafta ce, zafi ya ƙaru a ɗakuna, ruwan sama kuma ya rasa inda zai shiga sai ya kwarara titi.

Abin da ya dawo min da hankali kan wannan shine gonakin Asantawa. In ka fita bayan gari kaɗan ka shiga tsohuwar gonar koko, wanda ake cakulan da shi, zaka rantse daji ne ba gona ba. Can sama manyan itatuwa sun yi rumfa, ƙarƙashinsu ayaba irin ta suya da lemu da goro, ƙarƙashin waɗannan itacen koko, a ƙasa makani mai faffaɗan ganye wanda suke miyar kontomire da shi, ga barkono ga citta, doya kuma ta kama wani itace tana hawa. Kamar gidan bene ne, kowa da hawansa kuma kowa yana samun hasken da ya ishe shi. Shi koko yana ƙarami baya jure rana, shi yasa manomi yake fara dasa ayaba da makani su yi masa inuwa, yana ci daga cikinsu kafin kokon ya fara 'ya'ya. Tun 1879 da wani ɗan Ghana mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a haka aka raine shi, har Ghana ta zama ta 2 a duniya bayan Kwaddibuwa. Ƙasan gonar baka ganin turɓaya, busasshen ganye ne ya lulluɓe ko'ina, in ka tura hannu sai kaji sanyi da danshi. Ba mai sharewa ba mai ƙonawa. Shi kansa goron da ya kawo kakanninmu fatake Gwanja da Salga ai ɗan cikin irin wannan inuwar ne.

Turawa sun sa wa tsarin suna lambun daji, wani Bature Robert Hart ya gwada shi a Ingila a fili da bai wuce murabba'in mita 500 ba ya lissafa hawa 7, daga dogon itace har mai yaɗo da mai saiwa. Amma shima a wurin mutanen ƙasashe masu zafi ya koya. Mu ma muna da namu. Duk manomin Hausa ya san gawo, yana zubar da ganye da damina gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani ya yi ganye ya bada inuwa da abincin dabbobi. A Maraɗi tun wajen 1983 manoma suka koma barin kututture ya tofo suna sassabe masa rassa maimakon tumɓukewa, yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar. Kenan ba baƙon ilimi nake kawo muku ba, cewa nake a shigo da shi cikin gida.

Sai dai dan Allah kar wani ya ce zai kwaikwayi Kumasi kai tsaye. Nan ruwan shekara yana kai kusan milimita 1,400 kuma damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ku kuwa damina ɗaya ce ta wata 4 zuwa 5 sai dogon rani da hunturu. Koko da goro ba zasu yi muku ba. Tsarin zaku ɗauka, shukokin kuma namu na gida.

Fili nawa ake bukata? Mita 3 da 4 ya isa a fara, wato kamar inda ake shanya. Nan zango ma, wato unguwar Hausawa, da gidajen haya suke cunkushe, ɗaki ɗaki, na ga wata Hajiya maƙwabciyarmu da ɗan lungu tsakanin kicin da katanga, gwanda ɗaya, zogale biyu, shuwaka, ayoyo wato lalonmu, da dankali a ƙasa, kuma miyar tuwonta daga nan take fita kusan kullum. In siminti ne ko'ina a fasa wani yanki, ba asara bane.

Kafin a sayi dashe ko ɗaya a fara da ƙasa, nan ne mutane suke gaggawa su yi asarar kuɗi. Ƙasar tsakar gida ta sha taku ta daskare, wani wurin ma ɓaraguzan gini ne a ciki. A haƙa rami mai zurfin gwiwa da faɗi kamar haka, a cire duwatsu da leda, a cakuɗa ƙasar da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai da ɗan toka. Kashin kaji sabo yana ƙona saiwa, a barshi ya ruɓe tukuna. A bar bakin ramin ya ɗan faɗa ciki yadda ruwa zai taru a gindin shuka, irin tassa da manoman Nijar suke yi, wadda marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da mataccen fili da ita. Daga nan sai lulluɓi. Ganyen da ake sharewa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ɓawon ayaba, karan dawa da aka daddatsa, duk a zuba a kai ya yi kaurin tafin hannu. Na san za'a ce gara, eh gara zata zo, amma busasshen abu take bi kuma ramukan da take yi suna shigar da ruwa ƙasa, kawai kar lulluɓin ya taɓa jikin itacen ko katangar ƙasa, a bar tazara.

Babban itace guda ɗaya tak, kar a yi haɗama. Lemun tsami ko gwaiba ko rumman, in an samu mai aure ya fi saurin 'ya'ya, shekara 3 haka an fara tsinka. A sa shi ta yamma don ya tare ranar la'asar, ita ce mai dafa ganye, a nisanta shi da katanga da ramin masai kamar mita 2 ko fiye. Mangwaro da darbejiya da turare ku barsu a ƙofar gida ko gona, a ƙaramin fili zasu cinye haske da ruwa su fasa muku gini.

Hawa na biyu gwanda da zogale, su ne masu sanyaya zuciya tunda basa ɓata lokaci. Gwanda a zuba iri 3 ko 4 a rami ɗaya saboda akwai namiji wanda fure kawai yake yi, in sun nuna kansu a bar mace, kafin shekara ta zagayo ana cin 'ya'ya. Bata son ruwa ya kwanta mata a gindi. Zogale kuwa kuskuren da ake yi shine barinsa ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannu, a datse kansa in ya kai ƙirji zai yi rassa da ganye mai yawa, kuma wanda aka shuka da iri ya fi na reshe jure fari don saiwarsa tana nutsewa. Kuka ma ana iya yi mata haka, a shuka a riƙa yanke kai ana cin ɗanyen ganye, ba sai ta zama rimi ba. Ƙasa da su shuwaka, yakuwa, kuɓewa, attaruhu, ɗaɗɗoya. A ƙasa dankalin Hausa ya shimfiɗa ya rufe turɓaya, ganyensa ma ana miya da shi. Wake da kabewa a ɗaura musu igiya su hau katanga ko rufin kicin, waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Citta da makani sai inuwa ta samu a shekara ta biyu.

Ruwa shine babbar tambaya na sani, musamman masu sayen jarka wurin 'yan garuwa. Amma ku duba ruwan da gida ɗaya yake zubarwa a rana, na alwala sau 5 na mutum nawa, na wanke shinkafa da ganye, na ɗauraye kwanuka. A gyara wurin alwala ya gangara cikin lambun kawai. Mai omo da bilic da gishiri ko maiƙo kar a zuba. Inda ruwan wanka yake fita a haƙa ɗan rami a cika da kara da ganye a dasa ayaba a gefe, zata shanye shi, kwatamin da yake tara sauro ma ya ƙafe. Wata dabarar kuma tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba'a shafa mata komai ba, a binne ta har wuya kusa da dashe a cika da ruwa a rufe baki, tana tsatsafowa a hankali saiwa na sha, rana bata ɗauke ba.

Awaki da kaji kam sai an yi shinge tun ranar farko, akuya ɗaya zata gama da aikin wata 3 kafin a idar da sallar azahar. Yara kuma a basu nasu gindin su riƙa bayi, sun fi kowa kiyayewa in sun san nasu ne. Tsuntsu zai ci gwanda, maƙwabta zasu aiko a tsinka musu zogale, kar ran kowa ya ɓaci, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa musulmin da ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi.

Masu haya ku nemi izinin mai gida, in ya ƙi a yi a buhu da rabin duro da tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, lemun tsami da zogale da barkono duk suna yi a ciki, ranar tashi a ɗora a mota. Ramuka da taki a shirya su tun da bazara, dashe kuma sai ruwa ya zauna sosai wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don saiwa ta kama ƙasa kafin iskar hunturu ta taso.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a. Naku, daga Kumasi.