Kafin a ce biren-bos ya ƙone

Katafila ko eskabeta ta zamani ba da dizal da man haidirolik kaɗai take aiki ba. A cikinta akwai ƙananan kwamfutoci da muke kira biren-bos: na inji daban, na famfunan haidirolik daban, wani lokacin da na giya, sai kuma allon da ke gaban direba. Dukkansu suna aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu kacal da aka murɗe tare. Ranar da saƙon ya yanke, injin da lafiyarsa ƙalau sai ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ƙi ba da ƙarfi, allo ya cika da lambobi. A nan ne 'yan kwangila ke tafka asara, domin abin da suke fara ji daga bakin mai gyara shi ne "biren-bos ya ƙone". Sai a aika Kano ko Legas a nemo wani da kuɗi masu yawa, a ɗaura, matsala tana nan daram.

A shekarun da na yi ina bin injinan aikin hanya tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Koko, da masu haƙar magudanan ruwa a fadamar Argungu, abin da na fi riƙewa shi ne biren-bos ba ya saurin mutuwa. Waya ce ke mutuwa, da soket, da batir. Wanda ya iya riƙe mitar auna wuta ya gama rabin aikin.

Tsarin sadarwar nan sunansa CAN. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986 saboda motoci, manyan injina kuma suna bin ƙa'idar J1939 da aka gina a kansa. A cikin wayoyin nan biyu, wadda ake kira ta sama (CAN-H) yawanci ruwan ɗorawa ce, ta ƙasa (CAN-L) kuma koriya. A kowane ƙarshen layin akwai ɗan resista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 120, guda biyu ke nan, shi ya sa idan ka kashe makulli, ka cire batir, ka ɗora mita a ramukan C da D na soket ɗin gwaji mai rami tara irin na ƙa'idar J1939, ya kamata ka ga om 60. In ka ga 120, ko dai resista ɗaya ya tafi ko waya ta tsinke a hanya. In ka ga wajen 40, wani ya ƙara na uku. In mita ta faɗi kusa da sifili, wayoyin biyu sun taɓa juna. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, amma sau da yawa ina tarar da an kwance rabin injin ba wanda ya yi shi. Bayan nan sai ka mayar da batir, ka buɗe makulli: kowace waya za ta nuna wajen bolt 2.5, ta sama ta ɗan haura, ta ƙasa ta ɗan gaza. Wadda ta nuna 24 ta haɗu da wayar wuta, wadda ta nuna sifili ta kwanta a jikin ƙarfe.

Lambobin da allo ke nunawa suna da amfani, amma sai an san yadda ake sauraronsu. Idan kwamfutar gwaji, misali Cat ET ta injinan Caterpillar, ta nuna SPN 639 ko FMI 9, abin da take faɗa kawai shi ne saƙo ba ya zuwa yadda aka saba. Allo ya ce bai ji daga inji ba, bai ce biren-bos ɗin inji ya mutu ba. Wataƙila fiyus ɗinsa ne ya ƙone, wataƙila wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfe ce ta yi tsatsa. Injinan nan galibi bolt 24 suke ci daga batir biyu, kuma idan ɗaya ya raunana, lokacin tada inji wuta kan faɗi har kwamfutocin su ɗauke su dawo, kowace ta rubuta cewa 'yar'uwarta ta yi shiru. Saboda haka ni batir nake fara aunawa, yana ɗauke da nauyi, kafin in taɓa komai.

Layin nan kamar majalisar zaure yake: kowa yana magana bi da bi, amma mutum ɗaya ya riƙa ihu ba ƙaƙƙautawa, ba mai jin kowa. Na'ura ɗaya da ta lalace tana iya rufe bakin sauran duka. Maganinta shi ne a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya har layin ya farfaɗo, a kuma tuna cewa wasu biren-bos ɗin a cikinsu resistan yake, in ka zare su lissafin om zai canza. Na'urorin bin sawun inji da ake ɗaurawa daga baya suna cikin waɗanda na fi zargi, musamman idan an fere waya an naɗe da salatif.

Ƙasarmu ma tana da nata rabon. Zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 yana busar da robar waya har ta tsattsage. Ƙurar hunturu tana cika soket, damina ta zo ta jiƙa ta, ƙarafan ciki su yi kore. Injin da aka ajiye kusa da gonar shinkafa kuwa, ɓeraye ne ke kwana cikinsa suna gaigayar waya. Masu wanki suna harba ruwa kai tsaye kan soket. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne walda: a ɗaura wayar mai walda nesa da inda ake aiki, ba a cire batir ba, ba a zare biren-bos ba. Yawancin waɗanda na gani sun ƙone da gaske, ta wannan hanya ce.

Matsalar da ke zuwa ta tafi ita ce mafi wuya, kuma direba ne ke da mabuɗinta. Nakan zauna da shi in ce, "Malam, yaushe take yi maka haka? Da safe, ko in rana ta take?" Wani direban eskabeta ya taɓa ce mini, "Wallahi oga, sai na juya hagu da kaya a bokiti." Wannan amsar ce ta kai ni inda damin wayoyi ke gogar ƙarfe a ƙarƙashin ɗakin direba. Na riƙa girgiza wayar ina kallon mita har allura ta yi tsalle. Gyaran kuma ba a yin sa da kowace irin waya: sai murɗaɗɗiya irin ta asali, a haɗa da kyau, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, domin murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar altaneta da sitata.

Idan duk an auna aka tabbatar biren-bos ɗin ne, nakan gaya wa Alhaji mai injin tun kafin ya fitar da kuɗi cewa kamannin akwati ba ya isa. Dole lambar jikinsa ta dace, kuma a loda masa manhaja da bayanan wannan injin, har da lambobin injekta a injinan da ke buƙatarsu. Na hannu da aka ciro daga wani injin yana zuwa ne da saitin tsohon gidansa, sai an kira mai kwamfutar kamfanin ya daidaita shi kafin ya yi aiki yadda ya kamata.