Makirufo biyu sun ishi ɗalibai talatin

Duk mai haɗa sauti a walimar sauka ko taron Maulidi a Katsina ya san abin da ke faruwa in ɗalibai talatin suka hau dandamali za su rera ƙasida. Makirufon hannu uku, yara na fizge-fizge, wadda ta fi kusa ita kaɗai ake ji. Shi ya sa a zauren da nake yawan aiki, can wajen Ƙofar Ƙaura, na koma rataya makirufo daga silin.

'Yan ƙanana ne, irin su Shure MX202 da Audio-Technica PRO 45. Kondensa ne, wato masu buƙatar wuta, ba sa aiki sai ka danna maɓallin 48V, wanda muke cewa fantom, a miksa, na'urar haɗa sauti. Ka sauke sauti kafin ka danna, don kada lasifika ta yi tsawa.

Nakan rataya su kamar ƙafa 2 zuwa 3 a gaban sahun farko, sama da kan mai tsayin cikinsu da kusan haka, bakin na kallon sahun baya. Guda ɗaya kan ɗauki mutum 15 zuwa 20. Nan ne muke samun saɓani da masu taro. Wani shugaban makaranta ya ce mini, "Malam, a ƙara ko huɗu ne mana, kuɗi ba matsala." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙari ɓarna zai yi." Murya ɗaya in ta shiga makirufo biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, sai ta fito kamar daga cikin randa. Ƙa'idar ita ce tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka nisansu da masu waƙa sau 3. Kuma duk wanda ka ƙara, kukan lasifika ka matso da shi.

Babbar abokiyar gabata fanka ce. A zafin Afrilu ba wanda zai yarda a kashe masa ita, ni ma ban ga laifinsu ba. Sai dai na roƙi a kashe na saman dandamali kaɗai, in sa wa makirufon soso, in yanke sauti mai kauri da ke ƙasa da 100Hz a miksa. Sabuwar wayar makirufo kuma takan warware da kanta cikin dare, ka zo da safe ka tarar makirufo na kallon bango. Siririn zaren kamun kifi nake ɗaurawa in ja shi gefe, daga nesa ba a ganinsa.

Lasifiku su tsaya gaba da makirufo, suna fuskantar jama'a. A wasan kwaikwayon 'yan makaranta ma makirufon sama yana aiki, amma fa sai yaran sun ɗaga murya. Mai jin kunya ba abin da zai yi masa. Mai ba da baiti kuwa, har yanzu na hannu nake miƙa mata, masu amshi su tsaya ƙarƙashin na sama.