Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Injin da Kawu Ya Dawo da Shi Daga Kurmi

A makon jiya na tsaya a inda gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, na kwaso 'yan komatsaina na dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Birnin Kudu. Rani ne, gona ba ta neman kowa, mu kuma ba mu da fadama. Ga mata da goyo, ga babur a zaure babu inda zai kai ni.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya fara lura da yawan zamana a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya yi shekaru a Kurmi yana tsaga katako a dazukan Ondo, wajen Ore, kuma abin da ya dawo da shi biyu ne, ciwon baya da injin yankan itace. Ya taɓa ba wani hayar injin, aka dawo masa da shi a mace, ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Wata safiya ya aiko a kira ni.

"Jawo buhun can," in ji shi. "Hannuna rawa yake yi yanzu, ba ya riƙe sifana. Ni baki, kai hannu. In ya tashi, naka ne."

Stihl 070 ne, ƙirar Jamus, samfurin da ake yi tun ƙarshen shekarun 1960, wanda masu tsaga katako a ƙasar nan suka fi sani. Girman injinsa cc 106, kusan na babur ɗin da nake hawa, kuma kansa kaɗai ya haura kilo 10 kafin a ɗaura masa ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Na ja igiyar, ta biyo ni salalau, babu wata turjiya. Kawu ya girgiza kai.

Muka shimfiɗa tabarma, aka kawo tsohon faranti da kananzir. Ya sa na fara kwance salansa, na leƙa ta ƙofar hayaƙi da tocila. Fistin ya sha karce daga sama har ƙasa, ringi ya maƙale a cikin raminsa. Na ce masa ai an gama, fistin ne, gobe sai in shiga Kano in sayo sabo.

"Fistin gawa ce kawai," ya ce. "Wa ya kashe ta?"

A kan wannan tambayar muka wuni. Irin wannan inji ba shi da tankin baƙin mai kamar mota. Man da ke shafe fistin da boris a cikin fetur ake haɗa shi, ya bi ta kafireta, ya ratsa cikin inji, ya ƙone tare da fetur ɗin. Duk abin da ya rage fetur ya ƙara iska, ya rage mai ke nan, zafi kuma ya hau. Kawu ya ce fistin yana faɗar abin da ya same shi ga wanda ya iya dubawa. In karcen yana ɓangaren hayaƙi, zafi ne da ƙarancin mai. In ɓangaren da iska ke shiga ne ya cinye ya yi sumul, ƙura ce ta wuce matatar iska, abin da hunturunmu ya ƙware a kai. Namu na ɓangaren hayaƙi ne.

Aka nemo wanda ya yi hayar. Kawu bai ɗaga masa murya ba, tambaya kawai ya yi ta yi. Mutumin ya rantse yana haɗa mai. Sai dai ya ce kafin injin ya mutu, yakan yi ta gudu shi kaɗai ko an saki maƙura, sarƙa ba ta tsayawa, kuma in aka kwantar da shi a gefe ƙararsa sai ta canza. Kawu ya dube ni ya ce, "Ka ji? Iska yake sha ta inda bai kamata ba." Da muka cire fankar da maganaɗisu ke jikinta, ga sil ɗin karanshaf, wato robar da ke hana iska shiga, ya bushe ya tsage, karanshaf ɗin kuma yana ɗan motsi sama da ƙasa, alamar boris ya gaji. Da sabon fistin kaɗai na saka, da ya bi sahun tsohon kafin damina.

Na sayar da babur don sayen kayan gyara. Mahaifiyata ba ta so ba, amma da ta ji ƙaninta ne a kan maganar, sai ta yi addu'a ta yi shiru.

A Kano mai kaya ya so ya haɗa ni da sabuwar silinda 'yar China, da fistinta, a kwali ɗaya, kuma da araha. Kawu ya riga ya ja mini kunne. Cikin silindar asali akwai wani rufi mai tauri, kuma sau da yawa abin da ake gani kamar karce, alminiyon fistin ne ya narke ya manne a kai. Mun riga mun goge shi da samfefa mai laushi, a hankali, na bi da farce ban ji rami ba. Silinda irin wannan ba a jefar da ita don an ga sabuwa mai sheƙi. Har yau ina ganin yara suna yin haka, kuma abin yana yi mini ciwo, domin ƙarfen da suke zubarwa ya fi wanda suke saye. Na ɗauko fistin mai faɗin milimita 58 da ringinsa, boris biyu, sil biyu, gaskit, fatar kafireta, tiyon fetur da fulogi.

Haɗawar ita ce makarantata ta gaske. Mun raba gidan karanshaf biyu, muka wanke shi tas. Boris ba a buga shi da guduma. Kawu ya sa na ɗumama gidan a kusa da garwashi har ya buɗa kaɗan, boris ya zauna da ɗan turi. Sil kuma sai da na shafa masa mai a leɓe. Da muka zo kan fistin ya ce in cusa tsumma a bakin gidan, saboda 'yan kilif ɗin da ke tare fil ɗin da ke riƙe fistin suna tsalle, in ɗaya ya faɗa ciki sai an sake wargaza komai. Kibiyar da ke saman fistin ta kalli ɓangaren hayaƙi. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin raminsa, in ba haka ba yana karyewa wajen saka silinda. Yana zaune a kujera 'yar tsugunno yana kallon yatsuna, in na yi gaggawa ya ce, "A hankali, ɗan nan, ba fasinja ke jiranka ba."

Fulogi muka bar masa tazarar rabin milimita. Sukurorin kafireta biyu, mai alamar H da mai alamar L, muka ɗaure su sannu muka sassauta kowanne kimanin zagaye ɗaya. Mai kuwa, ma'auninsa na Kurmi ya ba ni, kashi 1 cikin 25 na fetur, wato mililita 200 a lita 5, kuma man da aka yi don irin wannan inji, ba wanda aka juye daga mota ba. Ya yanka mini gora daidai ma'aunin, ya ce kada in taɓa haɗawa da ido.

Bayan la'asar muka fito da shi fili. Na taka shi da ƙafa, na ja. Wannan karon igiyar ta yi gardama har kafaɗata ta amsa. Ya yi tari, ya mutu. Na buɗe cok na sake ja, sai ƙara ta cika unguwa, kaji suka watse, yara suka fito a guje. Kawu ya miƙe ba tare da sandarsa ba. Ya sa na kwantar da injin dama, na kwantar da shi hagu, ƙarar ba ta canza ba, sarƙa kuma tana tsaye cik. Ya ɗan sassauta H da kansa, da hannun nan mai rawa, har sai da ƙarar ta yi kauri, ya ce gara ya ɗan yi hayaƙi da ya yi ƙishi. Tankunan farko kuma kada in bar shi yana ihu babu itace a bakinsa.

Da dare ya kafa mini sharaɗi a gaban mahaifiyata. Ba zan sa sarƙa a jikin gawo ko ɗorawa ko kuka mai rai ba, ko nawa za a biya, kuma duk itacen da ke tsaye sai da iznin mai gona da takardar malamin daji. Ya ga yadda daji ke ƙarewa a Kurmi inda ruwa ke da yawa, balle nan da hamada ke leƙo mu. Na amsa, kuma a kan haka nake.

Saura wasa sarƙa, wanda ya ce shi ne rabin sana'ar. Muna zaune washegari da magagari a hannu, yana nuna mini yadda ake bin kowane haƙori, sai ga ɗan aiken dagaci ya yi sallama. Wata tsohuwar tsamiya da ta bushe ta karkato kan katangar makabarta, ana so a sauke ta kafin Juma'a, ni kuwa ban taɓa kayar da itace ba. Yadda muka kwashe da tsamiyar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.