Wajen kwanan jirgi tun la'asar ake kama shi

Duk wanda ya ce maka tuƙi ne abin wahala a jirgin kanal na Ingila, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage, to bai taɓa neman inda zai kwana da shi ba. Tuƙi kam ba komai, mil 4 a awa ne iyakar gudun da aka yarda da shi, tsohuwa mai yawo da karenta a gefen ruwa sai ta wuce ku tana ɗaga muku hannu. Mu a ƙauyen Lower Heyford da ke arewa da Oxford muka ɗauki hayar jirgi a watan Yuni, irin dogon siririn nan mai faɗin ƙafa 6 da inci 10, ni da maman yara da yaran da kuma yayanta da ya zo mana hutu daga gida. Shirinmu mu gangara kanal ɗin Oxford mu shiga kogin Thames mu ɗan haura sama, mu kwana, mu juyo mu samu Juma'a a babban masallacin Oxford da ke wajen Cowley Road.

A kan kanal abin da sauƙi, gaskiya. Hukumar Canal & River Trust da ke riƙe da hanyoyin ruwa kusan mil 2,000 tun 2012 ta yarda ka ɗaure jirginka a gefen da turbar ƙafa take har kwana 14 kyauta in dai ba allon da ya ce wani abu daban, wuraren baƙi na cikin gari kuma yawanci awa 48 ne. Abin da aka hana sananne ne, bakin lok (wajen nan mai ƙofofi da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi ta hanyar cika ruwa ko rage shi), wajen famfon ɗibar ruwa, wajen juya jirgi, gindin gada, inda kanal ya lanƙwasa. Ni abin da nake duba kawai shi ne ƙarfen nan da ake jerawa a bakin kanal, in na gan shi hankalina ya kwanta don ƙugiya ko sarƙa kawai za ka zura ka ɗaure, ba ruwanka da guduma. Inda babu shi sai turke, kuma turke a ƙasa mai laushi da wani jirgi ya wuce da ɗan gudu zai tumɓuke maka shi.

Sauran abubuwan kuma ba wanda zai faɗa maka sai ka kwana. Heyford ɗin nan tashar jirgin ƙasa tana manne da kanal, da rana ba ka damu ba, da dare kuwa jiragen kaya masu jan kwantena haka suke ta wucewa har kofunan kicin suna kaɗawa. Ƙauyen Thrupp da ke gaba a kan hanyar Oxford wuri ne mai kyau kowa yana son sa shi ya sa yake cika da wuri, amma in gurbin da ya rage maka kusa da mashaya yake to ka shirya jin dariyar mutane har dare ya raba. Sannan dokar inji, ba a kunna inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, saboda haka in batir bai cika da tafiyar yini ba firij ɗinka da naman da ka sha wahalar nemowa sai yadda Allah ya yi. Ga alƙibla, duk inda ka ɗaure sai ka sake nemanta don jirgin ya juya, cikinsa kuma ba ya ɗaukar sahun mutum biyu, don haka ni har turbar nake duba ko tana da faɗi da ciyawa mai tsabta da za a shimfiɗa darduma ba tare da mai keke ya bi ta kanka ba. Daren da ya fi mana daɗi a daji ne tsakanin Heyford da Thrupp inda layin dogo ya ɗan yi nesa, ba kowa sai tumaki.

To duk wannan ilimin kanal ne, kuma ranar Alhamis da muka bi ta Dukes Cut, 'yar mashigar da ta haɗa kanal da kogi, muka faɗa Thames ya zama ba shi da amfani. Kogi wata hukuma ce daban ke kula da shi, lasisinsa daban, kuma babban abin shi ne gaɓar kogin yawancinta ta mutane ce, gonar wani ko lambun wani, ba kamar kanal da turba take bin ka ko'ina ba. Wani wajen allo ne an rubuta ba a tsayawa, wani wajen mai gona zai zo ya karɓi kuɗinsa, wani wajen kuma ba wanda ya hana ka amma ruwan ne ba zai bari ka matsa ba.

Wajen ƙarfe 4 muka iso lok ɗin Eynsham, dab da gadar Swinford ɗin nan da har yanzu ake karɓar pence 5 a kan kowace mota. Ga gurbi nan na gani da idona, gaɓa a gyare, ruwa da zurfi, wajen ɗaure igiya a kafe, kuɗinsa bai kai na abincin mutum ɗaya ba. Na ce Yaya ina ganin mu kama nan mu yi la'asar mu huta. Ya ɗaga kai ya kalli rana ya ce haba kai kuwa, rana tsaka za a ce a kwanta, kuma a biya kuɗi don an ɗaure igiya? Ya ce shi ya yi shekaru yana aiki a Yauri, ruwa ba baƙonsa ba ne, a gaba za mu samu inda ya fi nan kuma kyauta. Maman yara ta kalle ni na kalle ta. Yayan matarka ne, baƙonka ne, ya girme ka nesa ba kusa ba, me za ka ce? Na ce to Yaya, Allah ya sa.

Ranar Yuni a Ingila ita ce mayaudariya, sai kusan tara da rabi take faɗuwa, sai ka ga kamar kana da lokaci alhali masu jirgi da suka san kan abin tun ƙarfe 3 suka gama kame wurare suna zaune a kujeru suna shan shayi. A Pinkhill, lok na gaba, ba gurbi ko ɗaya. Muka haura sama, can gaɓa duk ciyawar ruwa ce da itatuwa masu sunkuyowa, inda ya yi fili kuma ko allo ko jirgin wani. Duk inda na nufa da hancin jirgin sai in ji ƙasansa ya gogi laka tun da saura tazara. Yara sun fara kukan yunwa, hadari ya haɗo, kuma jirgin haya ba a yarda ka yi tafiyar dare da shi ba, yana cikin takardar da na sa wa hannu. Haka muka juyo muka gangaro har kusa da Pinkhill ɗin da muka bari, muka sake juya hancinsa ya fuskanci inda ruwa ke tahowa don a kogi haka ake tsayawa, muka kutsa gefen wani filin kiwo ana dab da magariba.

Jirgin bai kai gaɓa ba, gaba ya ɗan matsa baya kuma yana can waje, sai da muka gitta katakon sauka. Na sauka da guduma cikin wani ganye mai harbi da ya kumbura min ƙafafu, turke na farko bugu uku ya nutse har wuya kamar a cikin tuwo, ka san wannan ba zai riƙe komai ba. Na ƙara na biyu a gicciye na ɗaura farar leda a kai kar wani ya yi tuntuɓe. Yaya kuma yana can baya yana jan igiya da ƙarfinsa yana cewa sai ya matso da shi, ya kuwa ja shi har ya hau kan laka sosai ya ɗaure tamau. Na ce Yaya an ce a kogi a bar wa igiya sarari, ya ce iska za a yi, in ka sassauta ka farka a Landan.

An yi ruwa da dare. Ni duk tsorona kogin ya ƙaru ya ja mu, ban kawo a raina cewa zai iya raguwa ba, ana ruwan sama fa. Wajen ƙarfe 3 na tashi don asuba na sa ƙafa a ƙasa sai na tafi luu na bugi ƙofar banɗaki. Jirgin ya karkace. Durowoyin kicin duk sun zazzago, tukunyar miyar da aka bari a kan murhu tana ƙasa, ƙaramin yaron ya gangaro ya manne da bango yana barcinsa. Na haska fitila waje na ga laka baƙa tana ƙyalli inda jiya ruwa yake, gefe ɗaya na jirgin yana zaune a kanta ɗayan yana lilo a ruwa, igiyar baya kuma ta miƙe har tana ƙara in ka taɓa ta. Ragin bai fi taƙi ɗaya ba amma ga jirgin ƙarfe da ya haura tan 15 wanda dama an ja shi kan laka, ya isa. Daga baya mai kula da lok ya yi min bayani cewa in aka yi ruwa a sama suna ƙara buɗe ƙofofin madatsa don su ba ruwan da ke tafe hanya, sai wanda ke dab da saman madatsar ya ga ruwa ya ja baya. Aikinsu ne suke yi, mu ne muka je muka kwanta a inda abin ya fi tasiri.

Gari na wayewa sai ga masu filin, shanu. Sun kewaye turakun suna lasar igiya, ɗaya ta cinye rabin ledar da na ɗaura, wata ta sa ƙafa a kan katakon sauka ya sulale ya bi ruwa muna kallo. Ba damar kunna inji sai ƙarfe 8 don akwai wani jirgi a ƙetare. Da lokaci ya yi muka gwada duk abin da aka koya mana, kowa ya koma gefen da ke kan ruwa, aka sa giyar baya, aka girgiza shi, banza. Nan kam zan faɗi gaskiya, Yaya ya iya gora, ya tsaya a gaba ya kafa ta ya tura har jijiyoyin wuyansa suka fito, ka san ya ga ana yi a Yauri, amma kwale-kwale daban wannan daban. Sai wajen sha ɗaya da rabi wani dattijo Bature da matarsa suka zo wucewa, ya karɓi igiyarmu ta baya ya ɗaura a jirginsa ya ja mu ta inda muka shigo, laka ta sake mu da wata irin ƙara. Bai ce komai ba sai da zai tafi ya tambaye ni ƙarfe nawa muka tsaya jiya, na faɗa masa, ya girgiza kai kawai.

Daga nan zuwa Oxford akwai lok huɗu, Pinkhill, Eynsham, King's, Godstow, kowanne da layin jirage ranar Juma'a, ga gefen filin Port Meadow da za ka bi a hankali, ga neman gurbi a cikin gari, ga tafiya zuwa Cowley Road. Azahar muka yi a bakin lok. Da muka zo wuce Eynsham na ga gurbin jiya da wani jirgi a ciki, mutumin yana shanya tawul, wallahi sai da na kau da kai.

Shawarata ga duk wanda zai yi irin wannan tafiyar, tun da safe ka buɗe taswirar ruwa ka sa alama a wuri biyu ko uku, na farko wanda za ka kai wajen ƙarfe 3, kuma in ka same shi da gurbi ka shiga ko da rana tana tsakiyar ka, kar ka saurari maganar a gaba akwai wanda ya fi. A kogi ka tambayi mai kula da lok, su suka san inda ke da zurfi da inda mai gona ba ya so, kuma ka duba allunansu, rawaya gargaɗi ne ja kuma ka nemi waje ka tsaya. Kafin ka buga turke ka zura gora ka auna ruwan gaba da baya, in jirgi ya ƙi matsowa da kansa kar ka ja shi da ƙarfi, ka bar shi yana yawo a ruwansa ka sassauta igiya. Kashin shanu a fili kuwa ba sai an faɗa maka ma'anarsa ba. In kuma da babba za ka tafi wanda ba ka iya musu da shi, tun a gida ka ce masa kamfanin ne ya tsara inda za a kwana kowane dare, ni dabarar da ta zo min kenan bayan an gama.

Ranar mayar da jirgi suka ƙirga kaya, ba katako, turke ɗaya ya lanƙwashe, faranti da kofuna sun ragu, aka rubuta min kuɗinsu. Yaya yana tsaye a gefe yana ba ma'aikacin labarin yadda ya ture jirgin da gora.