Ƙannena na Bronx, kwamitin shata mazaɓu sunan titi yake son ji

Ƙannena samari da 'yan mata da kuka taso a nan New York, musamman ku da Turanci ya zauna a bakinku fiye da namu, maganar nan taku ce don ku ne za ku tsaya mana gaban makirfo nan gaba. A Amurka duk bayan shekara 10 ana ƙidayar jama'a, an yi ta 2020, mai zuwa ita ce ta 2030, kuma da zarar alƙaluma sun fito sai a sake shata iyakokin mazaɓu tun daga na majalisar tarayya har na kansiloli. Mu da muka taso a gida ba mu saba da abin ba, a Najeriya kundin tsarin mulki ya ɗora wa INEC wannan aiki amma yawancin mazaɓun da ake zaɓe a kansu har yau shatar 1996 ce. A nan kuwa kafin a ja layi sai an zauna an saurari jama'a. Kwamitin jiha mai mutum 10 ya yi nasa zaman a 2021, na birni mai mutum 15 ya yi nasa a 2022 kan kujerun kansila 51. Na yi rajista na yi magana a lokacin, kuma abin da na faɗa bai amfani unguwarmu da komai ba, shi ya sa nake so ku ji inda na kauce.

Minti 3 ake ba mutum galibi, agogo na tafiya a gabanka. Ni na shiga da tarbiyyar gida, na gaida shugaba, na gaida mambobi, na yi godiya da aka ba mu dama, na fara tarihin zuwan mutanenmu ƙasar, kafin in taɓa maganar da ta kawo ni an ce lokaci ya ƙare. Gaisuwa ba laifi ba ce amma jimla ɗaya ta isa, sunanka, unguwarku, sai ka faɗi abin da kake so tun a numfashin farko.

To amma ko da a ce an ƙara min minti 10 da ba abin da zai canza, domin babbar matsalar ita ce ban san aikin mutanen da ke zaune gabana ba. Na je da kukan tsadar haya da hita da ba ta aiki lokacin sanyi da rashin tafinta a asibiti, duk gaskiya ne wallahi, sai dai su ba su da ikon gyara ko ɗaya, taswira kawai suke zanawa. Na yi ta cewa "al'ummar Afirka ta Bronx, kar a raba mu", ban faɗi daga ina zuwa ina ba. Kamar ka je wurin tela ne ka ce ya ɗinka maka riga mai kyau amma ka hana shi awo. Ma'aikacin da ke riƙe da kwamfuta yana jiran ya ji inda zai aza layi, idan ba ka ba shi ba maganarka ta shiga faifai ta kwanta.

Kuma ga abin da ya kamata ku gane sosai. A fom ɗin ƙidayar 2020 an bar gurbi mutum ya rubuta asalinsa, ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ko wanin haka, amma alƙaluman da ake bai wa masu shata mazaɓu manyan rukuni ne kawai, baƙaƙe, farare, 'yan Latino, 'yan Asiya. Wato a allon kwamfutarsu babu Bahaushe, babu Basarakole, babu Bafulatani, babu ɗan Gambiya ko ɗan Nijar, duk an zuba mu cikin kalma ɗaya. Idan ba mu buɗe baki mun nuna inda muke ba, ba wata hanya da za su gan mu. Dokar birni da ta jiha kuwa duk sun ce a yi la'akari da unguwanni da jama'ar da zama da buƙata suka haɗa, to wannan ƙofar ita ce tamu, kuma shaida ce ke buɗe ta. Sai ka ce misali, mutanenmu sun fi yawa daga titin 161 zuwa titin Tremont, tsakanin titin Jerome da na Webster, ga masallatan da muke Juma'a da adireshinsu, ga shagunan da muke sayen gero da manja da busasshen kifi, ga islamiyyar da yara ke zuwa Asabar da Lahadi, jirgin ƙasa layin 4 da B da D muke hawa zuwa aiki. Kar ku kwafi iyakar da na ambata, ku zaga da ƙafa ku tantance taku. A nan ne maganar haya da hita take samun wurin zama, ka nuna cewa matsala ɗaya ce ta haɗa mu shi ya sa muke buƙatar kansila ɗaya da zai ji nauyinmu. Gobarar benen Twin Parks da ke nan Bronx ta 9 ga Janairu 2022 ta ci mutum 17, 8 yara ne, akasarinsu 'yan Gambiya, hitar ɗaki ce ta tashi, ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ba su rufe ba hayaƙi ya cika bene. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan gidajen ya san ba iyalan nan kaɗai abin ya shafa ba. Idan an yanka unguwa irin wannan gida uku, kowane kansila ɗan guntunmu zai samu, kuma ɗan guntu ba ya tayar da kowa daga kujera.

Wani wurin da na zame shi ne na ambaci sunan kansilan da nake so, na ce a bar mu da shi. Kar ku yi. Kundin tsarin mulkin jiha ya hana a zana mazaɓar majalisar jiha ko ta tarayya don a fifita wata jam'iyya ko wani mai riƙe da kujera, kuma ba wasa ba ne, a watan Afrilu 2022 babbar kotun jiha ta soke taswirar majalisar tarayya da 'yan majalisar jiha suka zana, aka ɗauko masani Jonathan Cervas ya sake zanawa. Da ka kira sunan ɗan siyasa sai a ɗauke ka ɗan kamfen, duk hujjarka ta rage nauyi. Kansila zai tafi, layin kuwa shekara 10 zai yi a kanmu.

Sannan ku yi lissafi kafin ku je. A ƙidayar 2020 mutanen birnin nan sun kai miliyan 8.8, a raba gida 51 kowace mazaɓa ta tashi da kusan mutum 173,000, kuma ba a yarda wata ta zarce wata da yawa ba. Hausawa kaɗai ba za mu cika wannan adadi ba, ko kusa, don haka wanda ya je yana neman mazaɓar Hausawa ya ɓata mintinsa. Sai mun haɗa kai da 'yan Senegal da Mali da Gini da Gambiya da Ghana, kuma mu zauna da baƙaƙen Amurka da 'yan Dominika da muke maƙwabtaka tun kafin ranar, domin duk gidan da ka jawo cikin mazaɓarka wani ka tura waje, kuma gara ku sasanta a zaure da ku je kuna musu gaban kwamiti. Ku duba yadda ƙungiyoyin lauyoyin 'yan Asiya da 'yan Latino da cibiyar shari'a ta kwalejin Medgar Evers suka haɗu suka miƙa taswira guda da suka kira Unity Map. A zagayen 2022 an samar da mazaɓa ta 43 a kudancin Brooklyn inda 'yan Asiya suka fi rinjaye, Susan Zhuang ta ci kujerar a 2023. Ku ma za ku iya zana taku, akwai shafukan zana taswirar mazaɓu irin su Districtr da Dave's Redistricting, kyauta ne a intanet, yaro mai laptop zai iya koyo a yini guda.

Idan kun tafi da yawa kar kowa ya karanta takarda iri ɗaya da aka turo a WhatsApp, mun yi haka, mutum na biyar bai ƙara komai kan na farko ba. A raba aikin. Direban tasi ya yi maganar tituna, mai shago ta yi maganar kasuwa, malamin islamiyya ya faɗi daga ina ɗalibansa ke zuwa, ɗalibi ya nuna taswira. Iyayenmu mata da Turanci bai ishe su ba a nema musu tafinta tun wajen rajista, ko a zo da wanda zai fassara, muryar Hajiya da ta shekara 20 a bene ɗaya ta fi ta lauya shiga kunne. Ba sai kana da katin zaɓe ko fasfo na Amurka ba kafin ka yi magana, ƙidaya kowa take ƙirgawa, amma ku gaya wa mutane gaskiya cewa suna da bidiyo suna shiga bayanan da kowa zai iya gani, kowa ya auna halinsa.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne da na yi magana sau ɗaya sai na ɗauka na sauke nauyi. Ashe zaman da ya fi muhimmanci shi ne na bayan an fitar da daftarin taswira. Kwamitin birni ya fitar da daftarin farko a Yuli 2022, a ciki an haɗa tsibirin Roosevelt da wani yanki na unguwar Upper East Side, duk na Manhattan, da wata mazaɓar Queens, mutanen wurin suka fito da yawa suka ce ba su yarda ba, da taswirar ƙarshe ta fito a Oktoba an bar su a Manhattan. A wannan zagayen ne za ka iya cewa layin nan da kuka bi ta kan titi kaza ya raba masallaci da masu sallarsa, ku matsar da shi zuwa titi kaza, kuma ka aika da rubutacciyar shaida ta imel haɗe da taswira don wanda bai ji ka ba ya karanta.

Aikin yana farawa ne tun daga ƙidaya. Bayan ta 2020 jihar New York ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai, daga 27 ta koma 26, kuma mutum 89 kacal suka rage mata ta riƙe ta. Na san gidaje a beninmu da ba su cika fom ba don tsoro. Kafin 2030 ku fara rubuta masallatai da shaguna da makarantu da adireshinsu, ku nemi ƙungiyoyin maƙwabta ku san juna, idan fom ya zo ku bi gida gida ku taya tsofaffi cikewa.